Dashen Inji A Tsofaffin Motoci: Sana'ar Da Ke Riƙe Da Hanyoyin Karkarar Sakkwato

Babban titin da ya tashi daga birnin Sakkwato ya yi kudu, ya ratsa Boɗinga da Shagari kafin ya kai Tambuwal da Jega, ba ya rabo da tsofaffin motoci. Daga jikinsa hanyoyin burji da na rairayi suke ɓallewa su shiga garuruwa irin su Sifawa da Danchadi da Kajiji da Dandin Mahe da Mandera, kuma a kan waɗannan hanyoyin ne tsohuwar mota take da sarauta. Ranar kasuwa za ka ga akori-kura ta rankwafa da buhunan gero da albasa, awaki a ɗaure a gefe, fasinjoji a saman kaya. Fentinta ya koɗe, ƙofarta sai da dabara take rufuwa, amma tana tafiya.

Sirrin wannan tafiya yana ƙarƙashin bonet. Da yawa daga cikin motocin nan ba da injin da aka ƙera su da shi suke aiki ba. Wata an sauya mata sau ɗaya, wata sau biyu ko uku, wata ma injin wani kamfani ne daban a cikinta. Dashen inji tsohuwar sana'a ce a arewacin Najeriya, kuma makanikanmu sun yi nisa a cikinta. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne irin injinan da ke shigowa kasuwa. Injin kafireta mai sauƙin sha'ani yana ƙarewa, wanda ke maye gurbinsa kuwa injin zamani ne mai kwamfuta, sau da yawa kuma mai turbo. Tambayar da ke gaban mai mota da bakanike a yau ita ce: shin tsohon bodi zai iya ɗaukar wannan sabon ƙarfi, kuma me ake bukata kafin a amince a ɗora rayukan mutane a kai?

Daga Kakuri zuwa karkara

Ba a maganar tsohuwar mota a Arewa ba a fara da Fijo ba. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da samfurin 504 a 1968, a shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Sunanta ya ƙara fita a Afirka lokacin da ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, gasar da ake yi a kan hanyoyi masu ƙura da taɓo. A wannan shekarar ce kuma masana'antar Fijo ta PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Ba ita kaɗai ba ce a wancan zamani: akwai Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauchi, da kamfanin manyan motoci na Fiat a Kano. Amma Fijo ce ta shiga jinin jama'a. Gwamnatin soja ta ƙarshen shekarun 1970 ta mayar da ita motar jami'an gwamnati, kuma a zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, Kakuri na fitar da dubun-dubatar motoci a shekara. Malamin makaranta da ma'aikacin sakatariya suna iya karɓar bashin mota su saya sabuwa fil.

Daga 1986, da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Aka koma kan motocin hannu daga Turai, aka kuma koyi riƙe wadda ake da ita har iya ƙarfinta. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina ta a Faransa. Wannan tsawon rai ya sa kayan gyaranta suka wadata, kuma kusan kowane bakanike da ya koyi aiki a wancan zamani a kanta ya koya.

Dalilin da ya sa mutanen karkara ba su rabu da ita da 'yan uwanta irin su J5 da tsohuwar Hilux da kiya-kiya ba a fili yake. Cikinsu ya yi nesa da ƙasa, ba sa tsoron rairayi. Akori-kurar 504 da ƙafafun baya take ja, tana da sifirin mai ganye da ke jure lodi. Ƙarfen bodinsu mai walda na iya yi masa faci. Ga shi kuma busasshen yanayin Sakkwato ba ya cin ƙarfe kamar yadda danshin bakin teku ke yi, don haka bodi kan daɗe ya bar inji a hanya. Idan inji ya gaji, ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, an sauya ringi, an wanke karanshaf har ya kai ƙarshen awonsa, mai mota ba ya tunanin sayen wata. Tunaninsa inda zai samo wani inji.

Kasuwar 'yan Beljiyam

Injin hannu da aka shigo da shi daga waje shi ake kira ɗan Beljiyam, ko daga Jamus ya fito ko daga Japan, saboda tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke ƙasar Beljiyam ta daɗe tana cikin manyan ƙofofin da kayan ke fitowa zuwa Afirka ta Yamma. Suna sauka a Legas ko Kwatano, su bazu zuwa kasuwar Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, daga nan su iso shagunan Sakkwato. Girman wannan ciniki ba ƙarami ba ne. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗarinsu Afirka suka zo.

Farashin ɗan Beljiyam yana bin dala da halin da iyakoki ke ciki. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga farkon 2017, ta rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, abin da mutanen Illela da Birnin Ƙonni suka ji a jikinsu. Faɗuwar naira daga 2023 ta ƙara wa abin tsanani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sa riƙe tsohuwar mota ya fi sayen wata ma'ana.

Sai dai abin da Turai ke zubarwa yau ba irin na jiya ba ne. Dokokin rage hayaƙi sun kori kafireta daga motocinsu tun farkon shekarun 1990. Daga baya kamfanoni suka koma ƙera ƙananan injina masu turbo, har ta kai kusan duk injin dizal na ƙaramar mota a can mai turbo ne, na fetur ma da yawa haka. To, wannan ne ke cika kwantenonin da ke zuwa mana. Bakaniken da ya ce shi ba ruwansa da turbo, nan da 'yan shekaru kasuwa za ta bar shi a baya.

Yadda aikin ke gudana

A garejin bakin hanya kayan aikin ba su da yawa. Ƙarafa uku ne a kafe an haɗe kawunansu, an rataya sarƙar ɗaga inji a tsakiya, galibi a inuwar dogon-yaro. Yara su kwance lagireto da salansa da wayoyi, a ɗaura sarƙa, ɗaya na ja, maigidan na tsaye da hannu a kan inji yana juya shi don kada ya daki bodi. Idan tsohon ya fita, sai a zuro sabon a hankali a bar shi yana lilo a cikin ramin. A nan ake gane gwani. Zai tsuguna ya leƙa ta ƙasa ya ga ko kaskon baƙin mai zai taɓa ƙarfen da ya gitta, ko sandar sitiyari za ta sami hanya, ko bonet zai rufu. Ya ɗauki alli ya yi alama a inda za a yanka da inda za a ƙara. Ya yanko kwali ya siffanta mazaunin inji, ya miƙa wa mai walda ya fitar da irinsa a ƙarfe mai kauri. Yaro na riƙe da fitila yana cewa, “Maigida, a ƙara sassautowa?” shi kuma ba ya amsawa sai ya tabbata inji ya daidaita da layin giya.

Wannan daidaito shi ne ƙashin bayan aikin. Injin 504 a tsaye yake kwance, daga gaba zuwa baya, a karkace gefe guda, yana aika ƙarfi ta furofela zuwa aksil na baya. Mafi yawan injinan ƙananan motocin zamani, har da na Fijo 406, a gicciye suke, suna jan ƙafafun gaba. Kafin irin wannan ya zauna a tsohon bodi sai an juya shi, an yanka farantin ƙarfe da zai haɗa shi da giya, an nemo kulocin da zai dace da ɓangarorin biyu, an sauya hanyar ruwa da ta hayaƙi. Idan farantin ya kauce ko da kaɗan ne, mota za ta tashi, za ta yi tafiya, amma za ta riƙa cin kuloci da boris ɗin giya, mai ita yana ta kashe kuɗi bai san dalili ba. Shi ya sa masu dogon tunani suka fi son injin da ya fito daga motar da ita ma da baya take ja, irin na Hilux ko Hiace, su ɗauko shi tare da giyarsa, sai a rage ko a ƙara tsawon furofela a wurin mai injin dirawa.

Bayan ƙarfe sai waya. Injin zamani ba ya tashi sai da akwatin kwamfutarsa, wanda makanikai ke kira burenbos. Shi ke karɓar saƙo daga na'urorin da ke auna iska da zafi da juyawar karanshaf, ya yanke yawan man da za a fesa da lokacin fesa shi. A motoci da yawa kuma an ɗaure shi da makullin motar don maganin ɓarayi, idan bai ga makullinsa ba ba zai saki mai ba. Wanda ya sayi inji tsirara, babu burenbos, babu damin wayoyinsa, babu makulli, ya sayi wahala. Hanyar da ta fi lafiya ita ce sayen gaban motar da aka yanko gaba ɗaya, domin komai na tare.

Rashin wannan sani ne ya haifar da wata al'ada da ta yaɗu a garejojinmu: idan injin injekta ya gagara, sai a cire kayan a ɗora masa kafireta. An yi wa motocin Golf da yawa haka. Mota na tashi, amma ta ƙara shan mai, ta rage ƙarfi. Injin turbo na zamani kuwa ba ya karɓar wannan gajeriyar hanya. Ko dai a yi masa wayarsa daidai, ko a bar shi.

Abin da turbo ke yi

Dabarar turbo ta girmi duk motocin da ke kan hanya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista a 1905. Ƙarfin inji ya dogara ne da yawan man da zai iya ƙonawa, mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke danna iska cikin silinda da ƙarfi. Da hayaƙin da a da ake zubarwa a banza, ƙaramin inji ke yin aikin babba. An fara sa shi a ƙananan motocin kasuwa a Amurka a 1962, Fijo kuma ta fito da 604 mai dizal da turbo a 1979.

Bambancin a bayyane yake. Injin fetur na 504 mai lita biyu yana ba da ƙarfin doki casa'in da 'yan kai, ƙarfin murɗawarsa kuma wajen 160 a ma'aunin Nm. Injin dizal na HDi mai lita biyu da Fijo ta fito da shi a 1998 yana ba da ƙarfin doki 110 da ƙarfin murɗawa 250, kuma yana ba da shi tun inji bai yi ƙara sosai ba, ga ƙarancin shan mai. Ga direban da ke fama da rairayi da lodin albasa, wannan ƙarfin murɗawa shi ne abin nema. Ba abin mamaki ba ne idan ransa ya biya.

Zafi, ƙura da baƙin mai

Amma turbo yana da sharuɗɗa, kuma yanayin Sakkwato yana gwada kowannensu. Sandarsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a kan siririn shimfiɗin baƙin mai, ɓangaren hayaƙinsa kuma yana ɗaukar zafin ɗaruruwan digiri. Baƙin man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, wanda tsohon injin Fijo ke haƙuri da shi, yana iya kashe turbo cikin ɗan lokaci. Yana bukatar mai na gwangwani mai inganci, da tacewa mai kyau, da sauyi a kan lokaci. Haka kuma direban da ya sha doguwar tafiya bai kamata ya iso tasha ya kashe mota nan take ba. Ya bar ta ta yi salo na minti ɗaya ko biyu, domin idan mai ya tsaya alhali ƙarfen na da zafi, sai ya ƙone ya toshe hanyarsa.

Daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yana haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos. Iskar da turbo ya matsa tana ƙara zafi, don haka sai an ratsa da ita ta intakula, wani ƙaramin lagireto na iska, kafin ta shiga inji, kuma sai an samar masa wuri a gaban mota inda iska ke bugawa. Tsohon lagireton 504 ba a yi shi don wannan nauyi ba. Sai an sa babba, da fanka mai ƙarfi. Al'adar cire tamosta da zuba ruwan rijiya a lagireto, wadda ta zama ruwan dare, tana cutar da injin zamani: ruwan yana barin tsatsa da ƙanzo a hanyoyinsa, rashin tamosta kuma yana sa kwamfuta ta ɗauka inji bai ɗumama ba ta yi ta ƙara mai. Obahitin guda ɗaya ya isa ya lanƙwasa kan silinda na alminiyom.

Sai ƙurar hunturu. Ƙwayar rairayi da ta wuce matatar iska tana cin fukafukan turbo. Bututun iska da aka ɗaure da ƙyallen roba, ko matatar da ake kakkaɓewa a mayar shekara da shekaru, ba su da wuri a wannan aiki.

Ingancin man da ake sha ma abin dubawa ne. Injin dizal na zamani yana fesa mai da matsin da ya haura bar 1,300, ta ramukan nozul masu ƙanƙanta ƙwarai. Ɗan ruwa ko datti daga jarkar 'yan bumburutu yana lalata famfo da nozul, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda ake shigo wa Afirka ta Yamma da dizal mai sinadarin sulfa da ya ninka abin da Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. Daga baya ƙasashen ECOWAS sun amince da tsaurara ƙa'ida, matatar Ɗangote kuma ta fara fitar da dizal a 2024, amma mai tafiya ƙauye har yanzu ba koyaushe yake da zaɓin inda zai sha mai ba. Ƙarin matata mai raba ruwa da mai ba ado ba ce, wajibi ce. Kuma yaran gareji su sani: ba a sa hannu a lalubi yoyon bututun irin wannan inji yana aiki, domin man na iya huda fata.

Ƙarfi ya ƙaru, birki fa?

A nan ne maganar ta tashi daga ta aljihu ta koma ta rai. Sa injin turbo a tsohon bodi ba tare da taɓa sauran sassan ba tamkar ɗaura ingarma ne a tsohon amalanken jaki. Giya da furofela da aksil an ƙera su ne don wani adadin ƙarfi. Idan aka ƙara musu rabi a kai, ga lodin da ya wuce ƙima, wanda ya fi rauni a cikinsu zai karye. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wadda ba a mayarwa ita ce ta birki.

Ƙa'idar ba ta sauyawa: idan gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya tana ninka huɗu. Akori-kurar 504 birkin ganga ne a bayanta, bututan man birkinta kuma sun shekara talatin ko arba'in. A da raunin inji ne ke tsare direba daga gudun da birkinsa ba zai iya ba. Da zarar an ba shi sabon ƙarfi, wannan shinge ya faɗi. Titin Sakkwato zuwa Jega yana ratsa tsakiyar garuruwa, da 'yan makaranta da masu babur da garken shanu. Duk bakaniken da ya karɓi aikin dashen turbo bai fara da maganar birki da taya da shokozoba ba, bai yi wa mai mota adalci ba, bai yi wa fasinja ba.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Birkin mota yana samun taimako daga zuƙar iskar da injin fetur ke yi. Injin dizal ba ya yin wannan zuƙa, sai da wani ɗan famfo na musamman, injin turbo na fetur kuma yana bukatar bawul mai hana iska komawa. Idan ba a haɗa wannan daidai ba, direba zai taka birki ya ji shi kamar dutse a daidai lokacin da yake bukatarsa. Haka nan famfon man injekta yana tura fetur da matsin da ya ninka na kafireta sau goma ko fiye. Tsohon tiyon da aka ɗaure da waya, kusa da turbo mai zafi, gobara ce ke jiran lokaci.

Lissafin aljihu

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Kowane direba ya koma lissafin lita. Amma komawa dizal ba lallai ne ta zama mafita ba, domin an daɗe da cire hannun gwamnati daga farashinsa, kuma a 2022 ya yi tashin da ya sa wasu masu motocin dizal suka yi ta neman komawa fetur. Shirin gwamnatin tarayya na mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wanda aka ƙaddamar a 2023, yana da amfani ne kawai inda akwai gidan sayar da gas ɗin kusa.

Saboda haka kuɗin inji kashi ɗaya ne na lissafin. A ƙara da giya, lagireto, intakula, wayoyi, famfon mai, birki, ladan mai walda da na mai waya, da makonnin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi. A kuma tambayi kai: idan nozul ya mutu a Mandera ranar kasuwa, ina za a samo wani, wa zai sa na'ura ya gano matsalar? Ga motar haya da ke kwana a ƙauye, sau da yawa inji marar turbo wanda kayansa ke ko'ina, irin tsofaffin injinan Toyota na fetur ko na dizal, ya fi riba a ƙarshen shekara. Turbo ya dace da wanda ke kusa da gwanin waya, yake da halin sayen mai mai kyau, kuma ya shirya yin aikin gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Ba mu kaɗai ba ne

A Amurka da Turai dashen inji abin sha'awa ne na masu hali. Mutum ya sayi motar shekarun 1960, ya ajiye ta a garejin gidansa, ya yi ta aiki a ƙarshen mako. Al'adar tana da tarihi: a 1962 Carroll Shelby ya sa injin Ford mai silinda takwas a ƙaramar motar AC ta Ingila, aka sami Cobra. A yau akwai kamfanonin da ke sayar musu da mazaunin inji da farantin giya da wayoyi a shirye, kuma a ƙasashe irin su Jamus ba a hawa titi da motar sai injiniyoyin bincike sun duba sun amince.

Waɗanda suka fi kama da mu su ne mutanen Kyuba. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba musu tun farkon shekarun 1960 ya yanke musu kayan gyara, sai suka riƙa sa injinan dizal na Rasha da Japan da Koriya a cikin Chevrolet da Ford na shekarun 1950, suna haya da su a birnin Havana har yau. Bukata ce ta koya musu, kamar yadda ta koya wa namu. Bambancin bakaniken Sakkwato da na Jamus ba na basira ba ne, na kayan awo ne da horo da mai duba aiki.

Abin da ya rage a yi

Jihar Sakkwato ba baƙuwa ba ce a harkar ƙera mota. Ɗanta Jelani Aliyu ya yi aiki a kamfanin General Motors, shi ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, ya kuma shugabanci hukumar NADDC mai kula da bunƙasa ƙera motoci daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa, a 2021, aka buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wannan abin alfahari ne. Amma motar da ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyukan Shagari da Boɗinga a daren yau tsohuwa ce mai dasasshen inji, kuma wanda ya dasa shi bai taɓa shiga aji an nuna masa yadda ake karanta na'urar gano matsala ba.

Akwai abin koyi a Kaduna, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta haɗa hannu da masu sana'a na kasuwar Panteka don a ƙara musu horo a kuma ba su takardar shaidar ƙwarewar da suka riga suka samu. Babu abin da zai hana Kwalejin Umaru Ali Shinkafi da makarantun fasaha na jihar su yi irin wannan tare da ƙungiyar makanikai ta NATA: gajerun darussa da Hausa, a lokacin da bai hana neman abinci ba, a kan wayar injin zamani, sanyaya inji, da birki. Ƙananan hukumomi za su iya taimaka wa garejoji su mallaki na'urar gano matsala ko da ta haɗin gwiwa ce. Jami'an VIO da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma su sauƙaƙa hanyar sabunta takardu, domin lambar inji tana cikin takardun mota, wanda ya sauya bai sanar ba yana iya shiga matsala a shingen bincike ko ranar da zai sayar. Mai sayen inji ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, kada ya wayi gari da kayan sata. Binciken motar da aka yi wa dashe ya zama na gaskiya, a taka birki a gani, ba karɓar kuɗi a buga hatimi ba.

Ga mai motar da ke shirin wannan aiki, shawarar gajeriya ce. Ka nemi bakaniken da ya taɓa yin irinsa, ka je ka ga motar da ya yi tana aiki. Ka sayi inji da duk kayansa. Ka ware kuɗin birki da lagireto da taya kafin ka biya kuɗin turbo, idan kuma aljihunka bai kai duka ba, ka sa inji marar turbo ka zauna lafiya. Fasinjan da ya hau bayan motarka bai san abin da ke ƙarƙashin bonet ba, amana ya ba ka, kuma za a tambaye ka a kanta.